Da gaske masu ƙera motoci suna ɓoye ƙarfin dokin inji?

Bashir Yantala: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masana mota na wannan zaure. Na ga an ɗora Toyota Supra sabuwar ƙira, wadda ta fito a 2019, a kan na'urar awon ƙarfin inji. Kamfanin ya ce doki 335 gare ta, amma mujallar Car and Driver ta Amurka ta auna ta samu 339 a tayoyi. A tayoyi fa, bayan giya da sauran ƙarafa sun ci rabonsu. Ke nan abin da injin ke bayarwa ya wuce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. To me zai sa mai kaya ya rage wa kayansa daraja da bakinsa? Ni dai na san ɗan kasuwa da zuzuta haja.

Lawali Ƙonni: Wa alaikumus salam. Ai wannan tsohon zance ne Bashir. Dukkansu haka suke yi. Kowace mota an ɗaure ta tun daga kamfani. In ka kai ta wurin masu taɓa kwamfutar mota sai su kwance ta, doki talatin ko arba'in su fito. Ƙarfin yana nan, ɓoye mana shi ake yi.

Alhaji Sani mai motoci: Lawali, a yi a hankali da kalmar "dukkansu". Na daɗe ina shigo da motoci tun ana bi ta Kwatano, har yanzu da muka koma Lome, kuma ban taɓa sayar da Corolla ko Starlet mai saye ya dawo ya ce ta fi ƙarfin da aka faɗa masa ba. Kukan da nake ji kullum shi ne ba ta ja.

Nasiru malamin fasaha: Sannunku. Alhaji yana da gaskiya, Bashir ma abin da ya gani gaskiya ne. An yi ɓoyon, a rubuce yake a tarihi, amma wasu kamfanoni ne, a wasu shekaru, kuma kowane da dalilinsa. Bari in fara da na Japan don motocinsu muka fi hawa.

A ƙarshen shekarun 1980 mutanen da ke mutuwa a hatsarin mota a Japan sun haura 10,000 a shekara. Kamfanonin ƙasar suka ji tsoron gwamnati ta kafa musu doka mai tsanani, sai suka yi yarjejeniya ta fatar baki a tsakaninsu cewa daga 1989 ba wanda zai tallata mota a cikin gida da ƙarfin da ya wuce doki 280. Ba doka ba ce, alkawari ne kawai. To amma gasa ba ta tsaya ba. Ku dubi Nissan Skyline GT-R. Ƙirar R32 doki 280 aka rubuta, R33 doki 280, R34 ma doki 280. Amma ƙarfin murɗawar injin da su da kansu suka wallafa ya tashi daga 353 zuwa 368 zuwa 392 a Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa. Inji yana ƙara ƙarfi shekara bayan shekara, lambar doki tana tsaye wuri ɗaya. Waɗanda suka auna R34 suna samun fiye da 300. Haka aka yi ta tafiya sai a 2004 da Honda ta fito da Legend ta rubuta 300 ƙarara, alkawarin ya watse.

Lawali Ƙonni: To ka gani! Abin da na faɗa ke nan. Har Supra ta 1993 ma, a Japan 280, a Amurka 320.

Nasiru malamin fasaha: Wannan misalin kam ba ya taimakonka sosai Lawali. Supra da aka kai Amurka da Turai an canza mata turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) da bututun fesa mai, ba takarda kaɗai aka sauya ba. Kuma ka lura duk motocin da muke ambata na tsere ne masu tsada. Yarjejeniyar ba ta taɓa shafar Corolla mai doki 110 ba, tunda ko kusa da 280 ba ta je ba. Me za a ɓoye a cikinta?

Hajiya Rabi: Ina wuninku. Ni aikin inshora nake yi a nan Yamai, kuma ɓangaren da na sani ya shigo cikin zancenku. A Amurka, a shekarun 1960, kamfanonin inshora sun ga samari suna kashe kansu da manyan motoci masu ƙarfi, sai suka tsawwala kuɗi a kan duk motar da dokinta ya yi yawa. Masu ƙera mota suka ga za su rasa kasuwa, suka fara rage lamba. Ford ta fito da inji 428 Cobra Jet a 1968 ta ce doki 335 ne, alhali duk wanda ya yi tsere da shi ya san ya wuce haka. Ga kuma wata riba: a gasar tseren motoci ana raba aji ne bisa nauyin mota da dokin da kamfani ya bayyana, don haka mai ƙaramar lamba yana faɗawa aji mai sauƙi ya yi ta lashe kofi.

Nasiru malamin fasaha: Hajiya kin kawo shi daidai. Akwai ma wanda ya fi wannan dabara. Chevrolet ta sa wa wasu Corvette inji mai suna L88 daga 1967 zuwa 1969, guda 216 kacal. Ta rubuta doki 430. Lambar ba ƙarya ba ce, sai dai an ɗauke ta ne lokacin da injin ke juyi 5,200 a minti, bai kai ƙololuwarsa ba. In aka sake masa totur yana haura 500. A takardar farashi kuma ga wani inji a gefensa mai 435 wanda ya fi araha. Manufar ita ce mai sayen mota don yawon gari ya ɗauki na 435, a bar L88 ga masu tsere da suka san abin da ke ciki, domin injin ba ya jure man gidan mai na yau da kullum kuma yana zafi a cunkoso.

Bashir Yantala: Ikon Allah. Wato har korar mai saye ake yi da lamba. To Hajiya, ni a kart griz ɗin Corolla ta, wato takardar rajistar motar, an rubuta doki 7. Wani ya ce min wannan ma ɓoyo ne don kada duwan ta caje su da yawa.

Hajiya Rabi: A'a ƙanena, wannan daban. Dokin da ke kan kart griz na haraji ne, lissafin hukuma ne da muka gada daga tsarin Faransa. Da shi ake yanka maka kuɗin binyet, da shi mu ma muke duba ajin da inshorarka za ta faɗa. Ba awon ƙarfin inji ba ne. Tsohuwar Citroën 2CV da iyayenmu suka sani, doki 2 ne na haraji, amma injinta na farko a 1948 doki 9 yake bayarwa. Kullum sai na yi wa mutane wannan bayani a ofis. Wani zai zo ya ce motarsa doki 11 ce, ta maƙwabcinsa 9, don haka tasa ta fi gudu. Ba lallai ba ne sam.

Malam Isuhu bakanike, Tawa: Salamu alaikum. Na karanta duka, na ƙaru. Amma ku bar ni in yi magana da Lawali, don maganar da ya fara da ita ta fi damuna, ita ce ke kawo mini motoci a garaji da igiya.

Ɗana, ƙarfin da kake cewa an ɓoye, ba ɓoyo ba ne, rata ce aka bar wa inji don ya rayu. Ka ɗauki Land Cruiser mai V8 na gazuwal, lita 4.5. A ƙirar 79, waɗanda ke shiga daji, an ba shi turbo ɗaya, doki kamar 205. A ƙirar 200 ta manya an ba shi turbo biyu, ya kai 265, a Turai har 286. Tushen inji guda ne. Mi ya sa aka rage na 79? Don an san za a loda mata kaya har sama, a sa mata gazuwal ɗin da aka samu, a yini ana tafiya cikin rairayi da ƙaramar giya. Kamfani bai yi maka ƙarya ba, abin da ya rubuta shi injin ke badawa. Ya dai zaɓi kada ya matse shi.

Wani yaro ya kawo mini Hilux da aka taɓa wa kwamfuta a wani wuri. Ya ce sati na farko kamar za ta tashi sama. Da muka buɗe kan injin, fistan na uku ya narke a gefe, bakinsa ya yi kamar an ɗiga masa dalma, hayaƙi ya toshe komi. Kuɗin da ya kashe a gyara ya ninka abin da ya biya aka taɓa ta sau da yawa.

Lawali Ƙonni: Baba Isuhu, Allah shi ba ka haƙuri, ban ƙi maganarka ba. Amma ai a Turai dubban mutane suna yi, motocinsu ba su narke ba.

Malam Isuhu bakanike, Tawa: A Turai. Can iska da sanyi take, babu ƙura, mansu tatacce ne, kuma mai yin aikin yana da na'urar da zai auna zafin hayaƙi kafin ya sallame ka. Kai kuma za ka taso daga Ƙonni da azahar cikin watan Afrilu, ka sha man ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, kilim a kunne, mutum bakwai a ciki. Ratar da ka cinye ita ce da za ta cece ka a wannan ranar.

Nasiru malamin fasaha: Maganar Baba ita ce ma amsar tambayar Bashir game da Supra ta 2019. Injin cikinta na BMW ne, mai turbo, kuma kwamfuta ke tafiyar da shi. Kamfani yana sayar da mota ɗaya daga Norwe har Saudiyya. Yana so ko a ƙasa mai zafi, ko a kan tsauni, ko da mai wanda bai kai ba, mai mota ya samu abin da aka yi masa alkawari. Sai ya rubuta lambar da injin zai iya bayarwa a mummunan yanayi. In ka auna shi da sanyin safiya da mai mai kyau, dole ka samu ƙari. Kamar mai awon gero ne da ke tozo a kan tiya don kada mai saye ya dawo da ƙorafi.

Sannan injuna biyu da suka fito daga layi ɗaya rana ɗaya ba sa zama daidai cif. Ƙa'idar da Turai ke bi wajen awo ta yarda injin da aka zaro daga layin ƙira ya bambanta da abin da aka bayyana da kashi 5 cikin ɗari. Mai hankali zai sa lambarsa ta ƙasa-ƙasa.

Alhaji Sani mai motoci: Saboda tsoron kotu ke nan.

Nasiru malamin fasaha: Ƙwarai Alhaji, don an ga abin da ya samu waɗanda suka zuzuta. Ford ta tallata Mustang Cobra ta 1999 da doki 320, masu saye suka auna suka ga bai kai ba, dole ta dakatar da sayarwa ta kira motocin ta gyara. A 2002 Hyundai ta amsa cewa ta ƙara lamba a kan motoci kusan miliyan 1.3. A 2003 Mazda ta ce RX-8 doki 247 ce, daga baya ta sauke zuwa 238, har ta yi tayin karɓar motar ta mayar wa mutane kuɗinsu. Wanda ya rage lamba ba mai kai shi ƙara. Wanda ya ƙara, lauyoyi na jiransa.

Hajiya Rabi: To Lawali ka ji. In da dukkansu ragewa suke yi, da ba a kama waɗannan da ƙari ba.

Lawali Ƙonni: Na ji Hajiya. Amma har yanzu ina ganin lambar da kamfani ya auna da kansa, a ɗakinsa, ba abin da za a rantse a kai ba ne.

Nasiru malamin fasaha: A nan kam ina bayanka. A watan Janairun 2024 Toyota da kanta ta sanar cewa kamfanin da ke ƙera mata injunan gazuwal, Toyota Industries, ya yi amfani da manhajar kwamfuta daban da ta motocin kasuwa wajen gwajin ƙarfin inji, don sakamakon ya fito sumul. Abin ya shafi injunan Hilux da Hiace da Land Cruiser 300, har aka dakatar da fitar da su na wani lokaci. Sun ce da aka sake aunawa injunan sun cika ƙa'ida, amma dai ya nuna a riƙa sa ido.

Kuma ko ba maguɗi, ma'aunin kansa yana canza lamba. Kafin 1972 Amurkawa suna auna inji tsirara, ba matatar iska, ba salansa, ba abin da yake ja. Da aka koma auna shi yadda yake a cikin mota, lambobi suka zube, alhali wasu injunan ko kusa ba a taɓa su ba. Wajen 2005 aka sake tsaurara ƙa'idar, sai Camry mai V6 lita 3 ta sauka daga 210 zuwa 190, inji kuwa shi ne dai. Dokin ma iri biyu ne: na Faransa da Jamus da Japan wat 735.5 ne, wato ƙarfin ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, na Amurka da Ingila kuma wat 745.7. Shi ya sa 280 na Japan ke zama 276 a takardun Amurka. In kuna son kwatanta mota biyu, ku nemi kilowat, shi ba ya canzawa.

Bashir Yantala: To ita na'urar da masu bidiyo ke aunawa da ita fa, Malam Nasiru? Ita ba ta kuskure?

Nasiru malamin fasaha: Tana yi sosai. Ita a taya take aunawa, sai mai awon ya ƙiyasta abin da ya ɓace a hanya ya ƙara. Yawanci sukan ce kashi 15 cikin ɗari, lissafin da aka saba da shi tun zamanin tsofaffin giyoyi. Giyar zamani ba ta cin haka, don haka in ka ƙara 15 ka kumbura sakamakon. Na biyu, na'urar tana ƙara wani kaso don rama zafin ranar da aka yi awon, alhali kwamfutar injin turbo ta riga ta rama da kanta, sai a rama sau biyu. Ka kai mota ɗaya wurare biyu, za ka iya dawowa da lamba biyu. Na Supra dai ratar ta yi yawan da ba za a ce duka laifin na'ura ba ne.

Habibu direba: Gaisuwa ga manya. Ni ban yi karatun wannan ba, hanyar Tawa zuwa Agadas nake bi da Land Cruiser mai inji 1HZ. An ce doki 130 ne ko ƙasa kaɗan, yaran yanzu suna raina shi. Amma in na fita daga Abalak na kai inda kwalta ta lalace, na sa giya ta biyu, motar tana tafiya a hankali ba ta ko tari, masu manyan lambobi kuwa na sha wuce su sun buɗe bonet. Abin da na lura da shi kawai, da asuba motar ta fi ja. In rana ta take sai in ji ta yi nauyi. Wannan a kaina ne ko gaskiya ne?

Malam Isuhu bakanike, Tawa: Gaskiya ne Habibu, ba a kanka ba ne. 1HZ ba shi da turbo, iskar da ya shaƙa da kansa da ita yake aiki. Kuma abin da kake ji a giya ta biyu ba doki ba ne, ƙarfin murɗawa ne, wanga inji yana bada nasa tun yana juyi a hankali. Doki sai an kai inji sama yake cika, kai kuwa a rairayi ba can kake zaune ba.

Nasiru malamin fasaha: Ga lissafin. Ana auna injuna ne a kan zafi digiri 25. A digiri 45, irin na Tawa ko Yamai a bazara, iska tana raguwa da nauyi kamar kashi 6 cikin ɗari, iskar da ta ragu kuwa mai kaɗan za ta ƙona. Tsayin ƙasa ma yana ci, kusan kashi 3 a kowace mita 300 ga injin da ba turbo, kuma Agadas ta fi Yamai tsayi da kimanin haka. Ka ƙara da kilim in akwai.

Alhaji Sani mai motoci: Ka ƙara da shekaru, Malam. Motar da muke saukewa ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin a hannun wani kafin ta hau jirgin ruwa. Ni shi ya sa in mai saye ya tsaya yana tambayata doki nawa ce, nake ce masa mu je ka tuƙa ta zuwa hanyar Doso ka ji da jikinka. Lambar da ke intanet ta ranar da ta fito daga kamfani ce.

Malam Isuhu bakanike, Tawa: Alhaji ya gama magana. Jiya na cire matatar iska daga wata Hiace ta ƴan Illela, na buga ta a ƙasa, jar ƙurar da ta zubo ta cika tafin hannu biyu. Mai ita yana ta neman wanda zai ƙara mata ƙarfi. Muka sa sabuwar matata, muka wanke bututun fesa mai, muka gyara bawul, ya zagaya da ita ya dawo yana tambaya mi na ƙara mata. Ban ƙara komi ba, nata ne da ƙura ta riƙe. Mai motar isansi kuma ya duba buji, ya duba birki ko yana kamawa, ya duba iskar taya.

Lawali Ƙonni: To Baba, in mutum ya yi duk wannan, motar tana lafiya, mai turbo ce, ya ƙara mata kaɗan ba da yawa ba fa?

Malam Isuhu bakanike, Tawa: Motarka ce, ba ni hana ka. Amma ka tambayi mai yin aikin abu biyu kafin ka ba shi makulli: da mi zai auna zafin hayaƙi bayan ya gama, kuma zai ajiye maka manhajar asali don a mayar in ta ƙi? In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, ka ɗauki motarka ka tafi.

Hajiya Rabi: Kuma ka zo ka sanar da mai inshorarka. In aka yi hatsari aka gano an canza ƙarfin injin ba a faɗa ba, rigima ce za ta tashi wajen biyan diyya.

Habibu direba: Baba Isuhu, ranar Asabar ina Tawa in sha Allahu. Zan kawo ta ka duba mini famfon gazuwal, kwana biyun nan tana baƙin hayaƙi in na hau tudu da kaya.

Malam Isuhu bakanike, Tawa: Ka zo da sassafe tun injin na da sanyi, kuma kada ka wanke shi kafin ka zo, ina son in ga inda yake yoyo.